Ƙunshin da Ba a Ɗaure Ba

Mu huɗu ne a ɗakin ranar. Akwai amarya Bintu, zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Akwai mahaifiyarta Hajja Kaltume, tana shiga tana fita don tana da tukunya a wuta. Akwai gwaggonta Hajja Dije, yayar babanta, wadda ta zo daga Gashuwa don biki, kuma ita ta tsaya a kan auren tun farko, domin angon ɗan maƙwabcinta ne mai fataucin busasshen kifi, yaran kuma sun daɗe suna son juna. Sai ni, Zara mai dilka, da ake ce wa Ya Zara a unguwarmu ta Nguru.

Ku 'yan matan da kuke zuwa wurina koyon gyaran jiki, kun ɗauka aikin duk a hannu yake. Kun kalli zane a waya, kun cusa lalle a leda kun huda bakinta, kun zana fure, shi ke nan kun zama gwanaye. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Amma ku ji da kyau: a sana'ar nan hannu ɗan aike ne, ido ke aikensa.

A Gashuwa na koya, wurin Ya Fanna, Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina hura mata garwashi kafin ta bari na taɓa fatar mutum. Halawa, wadda ake cire gashin jiki da ita, sukari ne da lemon tsami a dafa har ya yi danƙo. In ya wuce da kaɗan ya zama alewar yara, in bai kai ba ya tsinke kamar miyar kuka. A ƙwaurina take sa ni in gwada, don in san zafin da zan ba 'yar mutane. Dilka kuwa garin gero ne da kurkum da kanumfari da man riɗi, a kwaɓa a kife a kan hayaƙi har ya sha ƙamshi, sannan a murje jiki da shi. Sai kasko da kujera mai rami da bargo mai kauri na turare, inda amarya ke zama ta yi gumi. Sai tsummokin ƙunshi. Tsumman ƙunshi tsohon zani ne da ya sha wanki. Sabon yadi yanka yake yi, kada in ga wata ta kawo min shi.

Abu biyu ta bar min da ba a saye a kasuwa. Na farko gwaji. Ranar da aka fara gyara, kafin komai, a shafa lalle kaɗan a cikin tsintsiyar hannu, a ɗaure tamau, a ci gaba da wani aikin, sannan a kwance a ga yadda fatar ke karɓa. Wata fatar lalle na kama ta kamar wuta da kara, wata sai an lallaɓa. Na biyu baki. Ta ce da ni, "Zara, amarya za ta tuɓe miki abin da ba ta tuɓe wa uwarta ba. Abin da idonki ya gani a ɗakin nan, ki zubar da shi tare da tokar kasko." Na ga tabon ƙuna, na ga makero, na ga abin da ya fi su nauyi. Har yau ba wanda ya ji a bakina. Da wannan ake kiran mai dilka. Hannu mai kyau yana da yawa a Nguru.

Aikin Bintu ya faɗo ne a shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama. Ruwa ya kwanta a lungunanmu har ya yi kore, na sha kuma ya yi wuya, kowa ya koma tarawa a randa da duro da jarka. Wanda gonarsa ta nutse ba ya aurar da 'ya. Bukukuwa suka yi ta ɗagawa, har gizo-gizo ya yi saƙa a kaskona. Na koma taya matan bakin ruwa bandar kifi don a ci abinci, hannun da ya saba da humra ya koma ƙarni. To sai ga kiran gidan su Bintu, gida mai 'yan mata bila adadin, ƙanne da 'ya'yan baffanni suna biye. Wadda ta gyara ta fari ita za ta gyara sauran. Kun dai gane abin da ke cikin kwanon.

Kafin nan da kaɗan, Sista Hauwa, ma'aikaciyar asibitin da ke kusa da mu, ta tara ungozomomi da wanzamai da masu kemis a ƙarƙashin darbejiya. Ni ba a gayyace ni ba. Maƙwabciyata ungozoma na raka don gwiwarta na ciwo. Sista ta ce akwai wani zazzaɓi da ake ce wa denge, sauro ne ke kawo shi, amma ba sauron dare da muka sani ba. Wannan mai zanen fari ne a ƙafa, da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, irin na randarmu. Yana zuwa da ciwon ƙashi da ciwon bayan ido. Yawanci yakan wuce. Amma ga wasu, ranar da zafin jiki ya sauka ita ce ranar haɗari: jini ya fara tsatsa a cikin jiki, ciki ya murɗa, hannu da ƙafa su yi sanyi, dasashi ko hanci ya yi jini, fata ta fito da ɗige-ɗige.

Wani wanzami ya ce, "To Sista, mu yaya za mu bambanta shi da shawara ko maleriya?"

Ta ce, "Baba, ba ku za ku sa masa suna ba. Ni ma sai da gwaji. Naku ku gani ku kira."

Da za mu watse ta karɓi ƙaramar wayata ta sa lambarta, ta nuna min inda zan danna in riƙe. Na ce mata ni mai dilka ce. Ta ce, "Ya Zara, wa ya fi ki ganin fata a garin nan?"

Da hantsi na isa gidan da kayana. Tun daga ƙofa Hajja Dije ta tarye ni da fara'a. Ta ce amarya ta ɗan kwanta zazzaɓi kwanakin baya, an yi mata allurar maleriya ba ta ji ba, an sayo mata ƙwayoyin ciwon jiki a kemis, amma alhamdulillahi jiya jikin ya yi sanyi. "Zazzaɓin amare ne, Ya Zara, zumuɗi ne. Ki gyara min ita ta yi sheƙi, 'yan Gashuwa ido gare su."

Na yi gwajina yadda na saba. Na shafa lalle a cikin hannunta na hagu, na ɗaure da tsumma, na koma kan halawa. Yarinyar wankan tarwaɗa ce, fata mai laushi. Na manna halawa a ƙwaurinta na fizga. Wurin bai yi ja irin na kowa ba. Ya yi duhu, kamar an buge ta da taɓarya. Ƙafar kuma sanyi ƙalau a tafina, ga gumi a goshinta alhali ban kunna kasko ba.

Na ce, "Bintu, me ke miki ciwo?"

Ta ce, "Ba komai, Ya Zara." Hannunta na dama kuwa na dafe da ciki.

Na kwance tsumman gwaji. Ban ko dubi lallen ba. Daga inda ɗaurin ya tsaya zuwa ƙasa, wasu 'yan ɗige ne jajaye, ƙanana kamar an barbaɗa garin barkono. A cikin ɗaki ba kowa zai gan su ba. Na ja hannun zuwa bakin ƙofa wurin haske, na danna da babban yatsa na ɗaga. Ƙurjin zafi in an danna yakan ɓace ya dawo. Waɗannan ba su motsa ba. Na ce ta buɗe baki. Dasashinta na tsatsar jini, ta ce tun da safe da ta yi asuwaki bai tsaya ba, ta kuma yi amai ta ɓoye don kada a ce tana raki.

Na rufe kwanon halawa.

Hajja Dije ta ce, "Lafiya? Ba ki hura garwashi ba."

Na ce, "Yau ba turare, Hajja. Yarinyar nan in ta shiga bargo ta yi gumi, ba ta fitowa da ƙafarta. Asibiti za a kai ta."

Ta zo ta duba hannun. Ta gani, don ba makauniya ba ce. Sannan ta ce, "Ɗaurinki ne ya yi tsauri. Ki sa mata lalle tun yau har gwiwar hannu, ya rufe. Kafin ranar kai amarya ya baje."

Na ce, "Lalle zai rufe, gaskiya ne. Shi ya sa ba zan sa ba."

"Ikon Allah! Gyara aka kira ki ko bokanci? An yanka sa, an aika wa mutane har Dapchi da Katuzu. Kin san abin da za a ce a Gashuwa in aka ji an kwashi amarya zuwa asibiti tana zubar jini? Kin san irin fassarar da za a yi wa yarinya budurwa? Ni na goya ta, Zara. Ba zan bari a ɓata mata suna a kan cizon sauro ba. Ke da ake yabo da riƙe baki!"

Kada ku ɗauka muguwa ce. Tsoron da take ji na gaske ne, bakin mutane yana kashe aure. Kuma ta taɓa ni inda ya dace, don in na kira Sista, ba a ɗakin maganar za ta tsaya ba. Sista ta gaya mana tun a taro cewa irin wannan sai an kai rahoto sama, a zo gida a duba.

Na dubi Hajja Kaltume. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, idonta a ƙasa. Bintu 'yar farinta ce. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa a kanta gaban dangin miji, balle ta musa wa yayar mijinta. Tun da na shiga gidan ban ga ta dubi yarinyar kai tsaye ba.

Sai na tsuguna gaban Bintu. Na ce, "'Yata, abin da na gani a jikinki naki ne. Ba na gwaggonki ba ne, ba nawa ba ne. Ban taɓa fitar da na wata ba. Akwai wadda nake so in gaya wa, ma'aikaciyar asibiti. In na gaya mata, unguwa za ta ji, biki kuma zai ɗaga. In ban gaya mata ba, ban san ko za ki ga bikin ba. Me kika ce?"

Ta ɗago da ƙyar. Ta ce, "Ya Zara, ji nake kamar ana zura ni a rijiya. Ki kira." Sannan ta dubi gwaggonta ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri."

Na ɗauko wayata, na danna na riƙe. Kafin in gama magana da Sista, Hajja Kaltume ta ajiye ludayi, ta ja mayafi, ta fita. Sai ga ta da mai keke har ƙofar gida.

A asibiti na ga yadda suke nasu aikin, kuma na ji daɗinsa, don na ga su ma ido ke aiken hannu. Sista ta sa safar hannu, ta tambaye ni ko na taɓa jinin, ta sa na wanke da sabulu. Ta tambayi ranar da zazzaɓin ya fara da ranar da ya sauka. Ta ce a kawo ƙwayoyin da aka ba Bintu. Da ta ga kwalin sai ta girgiza kai, ta ce irin waɗannan na ciwon jiki tsinka jini suke, a wannan ciwon farasitamol kaɗai ake sha. Ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta hura shi, ta bar shi ya ɗan jima. Da ta kwance, ɗige-ɗigen nan suka fito a lanƙwasar hannu, irin na ɗaurina sak.

Ta ce, "Kin gani? Namu ɗaurin ke nan. Amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci."

Aka ɗebi jini. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Wani ɗan gwajin da aka kawo musu bayan ambaliya ya nuna denge. Likita ya zo ya ce jininta ya yi kauri don ruwan cikinsa na zurarewa, abin da ke tsayar da jini kuma ya ragu ƙwarai. Aka sa mata ƙarin ruwa, ana auna shi a hankali, don ya ce in ya yi yawa ma wata matsalar ce. Aka kafa mata gidan sauro da rana tsaka, kada sauro ya cije ta ya kai wa na kusa. Sauran jinin aka sa a akwatin ƙanƙara za a aika babban ɗakin gwaji don a tabbatar. Sista kuma ta kira jami'in da ke sa ido kan cututtuka a ƙaramar hukuma, a gabana.

Hajja Dije ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yar nan, ki bari sakamakon ya dawo mana. Don girman Allah."

Sista ta ce, "Hajja, sauron da ya cije ta yana nan a gidanku, ga baƙi kuma sun fara taruwa. Shi ba zai jira sakamako ba. Sunanta ba a kasuwa za a kira shi ba, amma dole a sani."

Kafin la'asar jami'in da mutanensa suka je gidan. Suka leƙa randuna da duro, suka nuna wa mutane 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki, aka zubar aka wanke aka rufe. Suka kife tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane. Suka bi gida-gida suna tambayar masu zazzaɓi, suka kuwa samu, har da ɗan baffanta da aka ɗauka maleriya ce. Ba yadda za a yi haka a gidan biki unguwa ba ta ji ba. Kafin magariba an ce Ya Zara ta tona asirin amarya.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya, don kada ku ce na ɓoye. Bintu ta tashi. Sakamakon ya dawo ya tabbatar da abin da suka gani. An yi bikin bayan ta murmure, angon ma shi ya riƙa yi musu jigilar kankana da kifi a asibiti. Ni kuwa wasu gidajen sun daina kirana, kaskona ya sake yin saƙar gizo har wata damina. Waɗanda suka dawo sun dawo, waɗanda ba su dawo ba Allah Ya ba su wadda ta fi ni. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ba wanda ya san ko za ta kwana. Likita cewa ya yi a yi ta addu'a a kuma yi ta lura.

Washegari da na yi sallah, na fara da randunana. Na zubar, na kankare cikinsu da soso, na ɗaure bakinsu da ƙyalle. Sannan na buɗe kwanon lallen da na kwaɓa jiya. Ya tsumu, ya kai daidai lokacin da yake kamawa, in ya ƙara kwana ya mutu. Na ɗauka na nufi asibiti.

Na tarar da Bintu kwance cikin gidan sauro, robar ƙarin ruwa a hannu, leɓe a bushe. Hajja Dije na bakin gado, idonta ya kumbura. Hajja Kaltume na can nesa kusa da taga, tana ninke zanin da yake a ninke. Bintu ta ga kwanon, ta ce da muryar da da ƙyar ake ji, "Ya Zara, yau ce da ranar ƙunshina."

Na samu Sista na ce, "Ina ne a jikinta ba kwa dubawa?"

Ta ce, "Farce muna dubawa, da tafin hannu, da dantse, da ƙwauri. Me za ki yi?" Ta leƙa kwanon, ta yi dariya kaɗan. "Tafin ƙafa kawai. Kada ya hau yatsu. Kuma ba ɗauri, Ya Zara, ko da zare. Kin ga abin da ɗauri ke mata."

Na ɗaga gefen gidan sauron, na shafa mata a tafin ƙafa biyu, siriri, ban murza ba. Lalle kuwa ba ya kamawa sai da ɗumi, ƙafar ga ta da sanyi. Na sa hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, na rufe ƙafar dama a tsakanin tafukana.

Na ce, "Hajja Kaltume, hannuna biyu ne, ƙafa ɗaya suke ɗauka. Ɗayar za ta bushe a banza. Zo ki riƙe min."

Ta dubi yayar mijinta. Hajja Dije ta share ido da bakin mayafi, ta matsa gefe, ta ce, "Ke ba ki ji ba ne? Aiki aka sa ki."

Ta zo ta durƙusa kusa da ni. Ta ɗauki ƙafar hagu a hannu biyu, kamar yadda ake ɗaukar ƙwai. Na ce kada ta matse, kada kuma ta saki sai na ce. Lallen ya kama tun da daɗewa, na gani a gefen yatsuna. Ban ce ta saki ba.